Filin Ƙere-ƙere: Motar Kara Ta Girma, Ta Shiga Aji

 

Kaka ta yi, an yanke dawa, kara ya bushe, sanyin hunturu ya fara leƙowa. A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, wannan shi ne lokacin motar kara. Da wuya a samu namiji a cikinku da bai taɓa ɓare kara ya fitar da totuwa ya soka tsinke ya haɗa mota ba, ko ya buɗe gwangwanin madara ya yanka tsohon silifa ya yi taya, ya ɗaura zare yana ja a lungu yana kwaikwayon kukan inji da baki. 'Yan mata da yawa ma sun yi, wasu kuma su ne masu yi wa motar yayyensu ado da ƙyalle.

Abin da ke faruwa shi ne, da zarar yaro ya shiga sakandare sai ya watsar. Ko a gida a ce masa ya girma da wasan yara, ko abokai su yi masa dariya. Nan ake yin asara, domin a daidai lokacin da hannun yaro ya ƙware, a daidai lokacin ne kuma ya fara koyon lissafin da zai mayar da wasan nan ilimi. Sai a raba su: hannu ya tafi gefe guda, lissafi ya tsaya a allo, kowanne ya rasa ɗan'uwansa. Yau so muke mu haɗa su. Za mu ga yadda ake ƙera ƙaramar mota bisa ma'auni, yadda ake tsufar da ita har ta zama kamar ta sha hanya, da yadda ake gina mata ɗan dandali da zai ba da labari ba tare da an ce uffan ba.

Mene ne bambancin motar wasa da motar ma'auni?

Motar wasa da ido ake yin ta. In taya ta yi girma, ba komai, in dai tana juyawa. Ita kuwa motar ma'auni, kowane sashe nata an ƙanƙantar da shi ne da lamba guda. Idan ka raba tsawon motar gaske da 20, dole ka raba faɗinta da 20, tsayinta da 20, tayarta da 20, har madubinta. Wannan shi ake rubutawa 1:20, wato santimita 1 a ƙaramar mota na madadin santimita 20 a babba. Darasin kason nan ne da kuke yi a lissafi, kuma shi ne kuke gani a ƙasan taswira a darasin labarin ƙasa.

A duniya akwai ma'aunan da masu wannan sana'a suka saba da su: 1:18 da 1:24 da 1:43 da 1:64. Ƙananan motocin Matchbox, waɗanda aka fara yi a Ingila a 1953 ana sayar da su cikin ɗan kwali mai kama da na ashana, da na Hot Wheels da suka fito a Amurka a 1968, yawancinsu kusa da 1:64 suke. Ku lura da wani abu da ke ruɗa masu farawa: idan lambar ta ƙaru, motar raguwa take yi. Motar 1:64 ta fi ta 1:18 ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Ni 1:20 nake ba ku shawara ku fara da shi, saboda dalili biyu. Na farko, rabawa da 20 ba ta buƙatar na'urar lissafi: ka raba da 10, sannan ka raba gida biyu. Na biyu, tayar ƙaramar mota daga gefe zuwa gefe takan kai santimita 60 zuwa 65. In ka raba da 20, za ka samu santimita 3 da ɗan ɗoriya. Ɗauki murfin gorar ruwa ko ta lemo ka ɗora a kan rula, za ka ga kusan santimita 3 ne. Ashe tayoyinmu na nan zube a bakin kowane shago, kyauta.

Bari mu gwada da motar da iyayenku suka fi sani, Peugeot 504. A Faransa ta fara fitowa a 1968, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya daɗe yana yin ta har ta zama tamkar 'yar gida. Tsawonta kimanin santimita 449 ne, faɗinta 169, tsayinta 146, tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da tsakiyar ta baya kuma 274. A ma'aunin 1:20, tsawo ya zama santimita 22 da rabi, faɗi 8 da rabi, tsayi 7.3, tazarar taya 13.7. Da waɗannan lambobi huɗu kaɗai, motarka za ta fito da kamannin da duk wanda ya san 504 zai gane ta tun daga nesa.

Ga wata tambaya ta 'yan babbar sakandare. Idan mota mai nauyin kilo 1,200 aka ƙanƙantar da ita da 20, da irin ƙarfenta da komai nata, nawa za ta auna? Mutane da yawa za su ce kilo 60. Amsar ita ce giram 150. Dalili kuwa, an rage ta ne ta fuska uku: tsawo da faɗi da tsayi. 20 sau 20 sau 20 ya ba da 8,000. Raba 1,200 da 8,000 ka gani da kanka.

Awo kafin yanka

Ba sai 504 ba. Zaɓi motar da kake gani kullum: Golf ɗin da ke lodin Gusau, a-kori-kura mai kai kaya kasuwa, ko babbar mota mai bodin katako. Ka yi sallama, ka nemi izinin mai ita ko bakaniken da take wurinsa. Kada ka taɓa motar mutum ba da saninsa ba, kuma kada ka auna motar da injinta ke aiki ko wadda aka ɗaga a kan jak. In babu tef ɗin awo, igiya ta isa: ka ja ta daga gaba zuwa baya, ka ƙulla, ka je gida ka auna da rula.

Abubuwan da za ka auna su ne tsawo, faɗi, tsayi, girman taya, tazarar tayoyi, tsayin ƙasan mota daga ƙasa, tsawon bonet, da girman ƙofofi da tagogi. Rubuta su a layi, ka raba kowanne da 20 a gefensa.

Daga nan sai zane. A takarda mai gida-gida ka zana motar sau uku: yadda take daga gefe, yadda take daga gaba, da yadda take in an hango ta daga sama. Waɗanda ke yin darasin zanen fasaha sun san wannan, shi ne tushen darasin gaba ɗaya. Wanda ya tsallake zane ya tafi kai tsaye ga almakashi, kwali uku zai ɓata kafin ya samu ɗaya. Teloli ma sai sun auna sun sa alli kafin su yanka.

Kayan aiki da haɗawa

Ba ka buƙatar sayen komai mai tsada. Kwalin taliya ko na sabulu zai yi gindin mota. Kwali mara kauri, irin na ganyen shayi ko na magani, shi ya fi lanƙwasuwa don yin jiki. Totuwar kara ta dace da kujeru da inji da duk abin da ake sassaƙawa. Ɓawon kara in an tsaga shi siri-siri, babu abin da ya fi shi kama da katakon bodin babbar mota. Gorar ruwa mai garai-garai ita ce gilashi. Fankon ƙwayar magani wanda aka shanye, in ka yanko gida ɗaya, fitilar gaba ce sak. Don manne abubuwa, farin gam na kafintoci ya fi, in babu shi ƙaro da aka jiƙa a ruwan ɗumi na riƙe kwali da takarda sosai.

Fara da gindi. Yanka kwali mai kauri daidai da zanenka na sama, ka ninka shi biyu don ya yi ƙarfi. Ja layi biyu a inda tayoyi za su zauna, ka tabbatar sun miƙe, domin in ɗaya ya karkace motar za ta riƙa tafiya a kaikaice kamar kaguwa. A kan kowane layi manna bututun tsohon biro. Zura wayar ƙafar keke ko tsinken tsire a ciki, ka huda murafen gora a tsakiya daidai, ka sa su a bakin wayar. Bututun na tsaye, wayar na juyawa a cikinsa. Don taya ta yi kama da taya, yanko siririn tsohon tiyub na keke ka naɗe murfin da shi.

Sai gefuna biyu. Ka yanka su tare, ɗaya a kan ɗaya, don su zo daidai. Fitar da tagogi, manna gilashi ta ciki, sa kujeru da sitiyari tun kafin ka rufe rufi, domin bayan an rufe hannu ba ya shiga. Bonet da rufi da but su ne na ƙarshe. Ka bar kowane sashe ya bushe kafin ka ɗora wani. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda ake tsufar da mota

Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma ake gane mai lura. Sabuwar mota fes kowa na iya fentinta. Amma motocin da muke gani a tasha ba sababbi ba ne. Sun sha rana, sun sha ƙura, sun sha lodi. Kafin ka taɓa fenti, je garejin unguwarku ka zauna minti talatin kana kallon tsohuwar mota guda. Za ka ga tsufa ba ya sauka ko'ina daidai, yana da wuraren da yake bi.

Tsatsa takan fara ne a inda ruwa ke kwanciya: ƙasan ƙofofi, bakin ramin taya, gefen robar gilashi, da duk inda fenti ya kwarzane. Dalili na cikin littafinku na kimiyya: ƙarfe ba ya tsatsa sai ya haɗu da ruwa da iskar da muke shaƙa a lokaci guda, gishiri kuma na ƙara wa abin sauri. Shi ya sa motocin garuruwan bakin teku suka fi namu saurin ruɓewa. Idan ruwan sama ya bi ta kan tsatsa, yakan ja jan layi zuwa ƙasa, ba ya hawa sama kuma ba ya tafiya a kwance. Rana kuwa sama take ci: rufi da bonet su ke fara koɗewa. Ƙura na taruwa a bayan tayoyi da gilashin baya. Baƙin hayaƙi na kusa da salansa. Hannun ƙofar direba ya fi sauran gogewa, domin shi aka fi kamawa.

Ga hanyoyi huɗu da za ku iya yi a gida.

Ta farko, garin tsatsa na gaske. Samo tsofaffin ƙusoshi da suka yi tsatsa, ka kankare su a kan takarda. Kwaɓa garin da ɗan gam da ruwa, ka ɗiga da tsinke a wuraren da muka lissafa. Kaɗan ya isa. Masu farawa sukan cika tsatsa har motar ta koma kamar an tsoma ta a miyar ja.

Ta biyu, ɓarewar fenti. Shafa wa motar launin tsatsa tukuna, wato ja da aka sirka da ɗan baƙi. In ya bushe, goga kyandir a gefuna da kusurwoyi. Sai ka shafa ainihin launin motar a kai. Bayan ya bushe, kankare wuraren kyandir da farce a hankali. Fentin sama zai ɓare, tsatsar ƙasa ta bayyana, kamar yadda yake faruwa a motar gaske.

Ta uku, ƙura da taɓo. Tankaɗe jar ƙasa ko farar ƙasa da tsohon ƙyalle har ta yi laushi kamar gari. Ɗauka da busasshen burushi ka kaɗa a ƙasan mota. Don feshin taɓo, tsoma tsohon burushin haƙori a ruwan ƙasa mai ɗan gam, ka ja gashinsa da yatsa ya fantsama daga wajen taya zuwa baya. Ka yi amfani da ƙasar garinku. Motar da ke bin hanyar fadama da wadda ke bin jigawa ba launin ƙura ɗaya suke ɗauka ba.

Ta huɗu, ƙarfen da ya goge. Goga bakin fensir a gefen matakala da bakin bodi da hannun ƙofa, ka murza da yatsa. Zai yi ƙyallin ƙarfen da hannu da ƙafa suka cinye wa fenti. Garin gawayi kuma shi ne hayaƙin salansa da baƙin man da ya ɗiga a ƙarƙashin inji.

In da gwangwani kake aiki, gwada shi da maganaɗisu. Gwangwanin madara da na tumatir ƙarfe ne da aka lulluɓe da wani siririn rufi, maganaɗisu na kama su, kuma in ka goge rufin ka bar su a danshi za su yi tsatsa da kansu. Gwangwanin lemo kuwa alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi, ba ya kuma yin jar tsatsa. Amma yana da nasa amfanin, kamar yadda za mu gani.

Motar da ta mutu, da motar da ta yi hatsari

Wasu iyaye in suka ga yaro na ƙera motar da ta lotse sukan ce fatan tsiya ne. Maganarsu abin saurare ce, domin babu gidan da hanya ba ta taɓa sa shi kuka ba. Amma akwai ilimi a cikin lotsattsiyar mota wanda babu shi a lafiyayya, in an yi abin da hankali.

Kwali ba ya lotsewa irin na ƙarfe, karyewa yake yi. Saboda haka sashen da kake so ya lotse, yi shi da gwangwanin lemo, ka danna shi da bayan cokali ta ɓangaren da bugun ya fito. Tambayi kanka: daga ina aka buge ta? Da me? In ta gaba ne, bonet kan tattare ya tashi sama kamar tanti. Ba rashin ƙarfi ne ya sa haka ba, da gangan injiniyoyi ke yin gaban mota da bayanta su lotse, domin su shanye ƙarfin bugu kafin ya kai ga mutanen da ke ciki. Kamfanin Mercedes-Benz ya fara fitar da motoci masu wannan tsari a 1959, a shekarar da kamfanin Volvo na Suwidin ya fito da bel ɗin kujera mai ratsa ƙirji da ƙugu wanda ake amfani da shi har yau.

Gilashi ma iri biyu ne. Na gaba yana da siririyar roba a tsakiyarsa, shi ya sa yake tsagewa kamar saƙar gizo-gizo amma bai cika zubewa ba. Wannan da bakin allura za ka zana shi a jikin robar gora. Na gefe kuwa rugurgujewa yake yi ƙanana-ƙanana, sai ka cire shi gaba ɗaya ka barbaɗa 'yan ƙwayoyin gishiri a ƙasa.

Ku riƙe wannan daga darasin kimiyya: idan gudun mota ya ninka biyu, ƙarfin bugunta ninkawa huɗu yake yi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ta ninka mai gudun 50 sau huɗu wajen ɓarna. Ɗalibin da ya ƙera motoci biyu iri ɗaya, ɗaya ta ɗan lotse ɗaya ta tattare, ya rubuta 50 da 100 a gabansu, ya yi wa duk makarantarsu wa'azin da ya fi na allon bakin hanya shiga rai. Aikin da hukumar kiyaye haɗurra ke yi ke nan tun da aka kafa ta a 1988.

Sai dai akwai iyaka. Dukanmu mun san halin tsaron da yankinmu ke ciki, kuma wasunku sun ga ƙonannun motoci a hanya, wasu ma sun rasa nasu. Kada wanda ya fita bayan gari don neman motar da zai kwaikwaya, abin da ke garejin cikin gari ya wadatar. Kada ka kwaikwayi motar da aka san wani ya rasu a cikinta, kada ka sa lambar motar gaske, kada ka zana jini. Abin da kake ɗauka gwaninta, a wurin abokin zamanka na aji yana iya zama fami. Kuma mutuwar mota ba sai da hatsari ba. Wadda aka jingine a gindin dogonyaro shekara biyar, an ɗora ta a kan duwatsu, taya ɗaya babu, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, ita ma tana da labari, kuma ta fi wuyar yi.

Dandalin labari

Masu wannan sana'a a ƙasashen waje suna kiran sa diyorama, mu kuma mu ce dandalin labari: ɗan fili a kan katako ko kwali mai kauri, inda za a ajiye motar a cikin muhallinta. Faɗin santimita 30 da tsawon 40 ya isa mota ɗaya.

Dokarsa guda ce: komai ya bi ma'aunin motar. A 1:20, ƙofar ɗaki mai tsayin mita 2 za ta zama santimita 10. Buhu mai tsawon mita 1 zai zama santimita 5. Buta ba za ta wuce santimita 1 ko ɗaya da rabi ba. Tsakuwa guda in ka ajiye ta a gefen mota, ta zama dutse. Don haka yashin da za ka shimfiɗa sai an tankaɗe shi.

Shafa gam a katakon, barbaɗa ƙasa, ka tura motar a kai tun da danshi don sawun taya ya fito. Busasshiyar saiwar ƙaramin tsiro in ka juya ta sama ta zama bishiya. Zaren igiyar rama da aka warware aka yanka gajeru shi ne busasshiyar ciyawa. Kwali in ka ɓare fatarsa ta sama, ƙwaryar cikinsa kwanon rufi ce. Katanga kuwa da laka za ka gina ta, kamar ta gaske.

Ba lallai ne ka sa siffar mutum ko dabba ba. Tabarma a inuwa, buta a gefenta, takalmi ƙafa biyu, bonet a buɗe da sifana a kai: duk wanda ya gani ya san bakanike ya tafi salla zai dawo. Abin da mai kallo ya gano da kansa ya fi zama a ransa.

Ga labarai uku daga gida. Na ɗaya, tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura a zamanin gyaɗa. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929 daga Zariya ta Gusau, kuma a nan ya tsaya, shi ya sa gari ya zama matattarar gyaɗa da auduga. Tazarar ƙarafan wannan layi santimita 106.7 ce, wato 5.3 a ma'auninmu. Tambayi kakanka irin motocin da ke kawo buhuna tasha a lokacinsa, da yadda ake jera su. Na biyu, babbar mota ta ɗauko kaya ranar Alhamis za ta kasuwar Shinkafi, ta kafe a taɓon damina, an tura mata itace a ƙarƙashin taya. Na uku, garejin bakanike a gindin bishiya, da mota uku: ɗaya ana gyara, ɗaya na jira, ɗaya an fid da rai da ita. Wannan na ukun aikin rukuni ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kiyaye lafiyarka

Bakin gwangwani ya fi reza yanka. Lanƙwasa shi da filaya ko ka goge shi a kan dutse kafin ka ci gaba. In ka yanke, wanke da ruwa da sabulu nan take, ka gaya wa babba. In raunin ya yi zurfi ko ƙasa ta shiga, a je asibiti saboda cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta ƙulle haƙora. Ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take zama, don haka toshe ciwo da ƙasa ƙara haɗari ne.

Kada ka ƙona roba ko leda don lanƙwasa ta, hayaƙin guba ne. Kada ka yi fenti a rufaffen ɗaki. Sannan kada ka kuskura ka fasa tsohon batir don neman dalma ko wani abin cikinsa. Mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin dalma ba: a 2010 gubarta ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. In kana so motarka ta yi nauyi, tsakuwa ta isa. Ka kuma kawar da ƙananan kaya daga inda ƙannenka za su kai su baki.

Ina hanyar ta nufa?

Manyan kamfanonin mota har yau sukan sassaƙa sabuwar mota da wata irin laka ta musamman, ƙarama tukuna sannan mai cikakken girma, kafin a narka ƙarfe ko ɗaya. Masu zanen gine-gine ma sukan gina ƙaramin gida na kwali su nuna wa mai aiki. Abin da kuke yi a tsakar gida, shi suke yi a ofis, bambancin kawai awo da haƙuri.

Ku dubi Jelani Aliyu, ɗan jihar Sakkwato maƙwabciyarmu. Ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi birnin Ditiroyit na Amurka ya karanta zanen motoci. A 1994 ya fara aiki da kamfanin General Motors, kuma shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara motoci da bunƙasa ƙera su ta Nijeriya. Ba kowa ne zai kai Amurka ba, ba kuma sai an je can ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnatin Tarayya na nan cikin Ƙaura Namoda tun 1983, wasunku ta gabanta suke wucewa kullum. Amma ƙofarta da sakamakon lissafi da kimiyya ake buɗe ta. Saboda haka duk wanda ya bar aikin gida ya zauna yanka kwali, bai fahimci wannan fili ba. Ranakun hutu da bayan an gama bita, su ne lokacin mota.

Ku kuma 'yan mata, kada a ce muku wannan ba naku ba ne. Hannun da ya iya zanen lalle da ɗinkin hula ya riga ya mallaki abin da aikin nan ya fi buƙata, wato natsuwa da ido.

Aikin wannan mako

Kada ku yanka komai tukuna. Kowa ya auna mota guda da izinin mai ita, ya raba awon da 20, ya zana ta ta fuska uku, ya kai wa malamin fasaha ko na lissafi ya duba. Sannan ga tambaya: babbar mota mai tsawon mita 10, kana so ta zauna a dandali mai tsawon santimita 40, ta bar santimita 10 a gaba da 10 a baya. Wane ma'auni za ka ɗauka, kuma murfin gora zai yi mata taya ko ya yi girma, in tayarta ta gaske mita 1 ce? Ku rubuto amsa da sunan makarantarku ta hannun malamanku.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu sa wa motar fitila mai kamawa, mu ga yadda ake haɗa waya da makunni. Sai mun haɗu, a yi karatu da kyau.